Ƙarfin Mahayi A Ƙasa Ake Tara Shi

 

Yau kam na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, don kuwa zancen tseren babur na zo muku da shi. Ku dai biyo ni sannu. Ran nan na tarar da Yayana ya ƙura wa waya ido, yana kallon wani tsere wai shi motokuros, inda ake sukuwa da babura cikin laka da tuddai, ana tashi sama kamar shirwa. Na taɓe baki na ce, "Haba Yaya, ai babur ɗin ne ke shan wahala, mahayin yana zaune abinsa." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce in je in bincika. Na kuwa bincika, wallahi sai kunya ta kama ni.

A Ingila wasan ya samo asali, a shekarar 1924. A gasar duniya kuwa, tsere ɗaya minti 30 ne da ƙarin zagaye biyu, kuma sau biyu ake yi a yini guda, a kan babur mai nauyin fiye da kilo 100. Galibi ma a tsaye mahayin yake, gwiwa a lanƙwashe, kowace dira a cinyarsa take ƙarewa.

Babban abin da suke tsoro shi ne sandarewar hannu. Idan mutum ya ƙanƙame kan babur da ƙarfin tsiya, jini kan cika tsokar sangalin hannunsa ta kumbura, alhali yanar da ta lulluɓe ta ba ta miƙewa. Nan take yatsu su mutu, ko burki ya kasa matsawa. Wasu har sai an yi musu tiyata. Shi ya sa ake koya musu matse babur da gwiwoyi, hannu ya huta. To wannan kuwa sai mai ƙarfin cinya da ƙugu da gadon baya, kuma a ƙasa ake tara shi: tuka keke mai nisa, sassarfa, ɗaga ƙarfe, da tashi-zauna irin wanda ake ba mu horo da shi in mun makara a makaranta. Ashe abin da muke yi muna hawaye, wasu kuɗi suke biya a koya musu!

Ga Ricky Carmichael na Amurka. A 2000 ya ɗauki Aldon Baker, tsohon ɗan tseren keke daga Afirka ta Kudu, ya riƙa ba shi horo yana kula da cimarsa. A 2002 ya cinye duk tsere 24 na gasar ƙasarsu, ya kuma maimaita a 2004.

Kada ku ce ai wannan na maza ne. Ashley Fiolek, ita ma 'yar Amurka, kurma ce tun haihuwa, da jijjigar inji take gane lokacin canza giya. Ta ci gasar mata ta ƙasarsu sau huɗu, a 2008, 2009, 2011 da 2012.

Ni ban ce ki ɗauko babur ɗin Baba ba, kar a ce ni na zuga ki. Da ke nake, ƙanwata, mai fakewa da ciwon kai a ɗakin kwana duk ranar motsa jiki, wadda bokitin ruwa ɗaya ke sa ta haki. Jikin nan da shi za ki zauna jarrabawa, da shi za ki riƙe gida, da shi za ki ɗauki ciki in Allah Ya kawo lokaci. Ki samu minti 15 a ɗakinki da safe, ki yi tsallen igiya, ki yi tashi-zauna goma, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai wani ciwo a jiki ta fara tuntuɓar likita. Ni ma na fara, cinyoyina sun yi tsami kwana uku, Yaya yana ta tsokanata.

Ku rubuto ku gaya mini yadda kuka kwashe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.