Lada, Horo da Makomar Dajin Falgore

Duk manomin da gonarsa take bakin dajin Falgore ya san halin biri. Da zarar masara ta yi goyo, sai jan biri ya fara zarya. Manomi ya kafa mutum-mutumi, ya sa masa tsohuwar riga da malafa, biri ya yi kwana biyu ko uku yana leƙe daga nesa. Daga nan sai ya gane cewa wannan mutumin ba ya jifa, ya shigo ya ci masararsa a gindinsa. A sa yaro gadi da majajjawa, biri ya daina zuwa da hantsi, ya koma zuwa lokacin da yaron ya tafi cin abinci. Na sha kai ɗalibai wannan yanki, kuma kullum nakan ce musu su lura da kyau, domin kuwa jifa bai raba biri da son masara ba. Iyakar abin da ya koya masa shi ne lokacin da mai jifa ba ya nan.

Wannan ɗan misali ya ƙunshi wata babbar ƙa'ida ta ilimin halayyar koyo, kuma ina ganin rashin kula da ita na cikin dalilan da suka sa muke ta fama wajen kare wannan daji. An keɓe shi tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, da sunan gandun dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji cikin shekarun 1960. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma Kogin Kano da ya ratsa shi ne yake cika madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ke nan mai noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure yana da rabo a cikin lafiyar Falgore, ko da bai taɓa taka ƙafarsa can ba. In aka sare itatuwa, ruwan sama zai riƙa kwasar ƙasa yana jibgewa a madatsa, cikinta yana cikewa a hankali.

Bari mu fara da ƙa'idar kanta. A 1898 wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, ya riƙa kulle kyanwa cikin akwati mai sakata, ya ajiye abinci a waje. Da farko kyanwa takan yi ta yaƙushi barkatai har ta taɓa sakatar bisa katari. Amma da aka yi ta maimaitawa, sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa. Daga nan ya fitar da ƙa'idar cewa duk aikin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yin sa. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan bincike da ɓeraye da tattabaru, ya wallafa littafinsa na farko a kai a 1938. A wannan fanni, duk abin da ya sa aiki ya ƙaru shi ake kira ƙarfafawa, mu ce lada. Duk abin da ya sa aiki ya ragu shi ne horo. Lada iri biyu ne: ko a ba ka abin da kake so, ko a ɗauke maka abin da kake ƙi, kamar jakin da ake daina tsikara da zarar ya ɗaga ƙafa. Horo ma iri biyu ne: ko a ɗora maka abin da kake ƙi, ko a ƙwace abin da kake so, kamar tara.

Abubuwa uku masana suka tabbatar waɗanda suka shafi zancenmu. Na farko shi ne lokaci. In aka jinkirta ba ɓera abinci da 'yan daƙiƙoƙi kaɗan bayan ya danna ƙarfe, koyonsa yakan yi rauni ƙwarai. Ɗan Adam ya fi ɓera hangen nesa, amma shi ma darajar abu tana raguwa a idonsa gwargwadon nisansa; Bahaushe ya daɗe da cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na biyu shi ne ladan da ba a san ranar zuwansa ba. Skinner da Charles Ferster sun nuna a 1957 cewa tattabarar da ake ba hatsi jefi-jefi, ba bisa tsari ba, takan ci gaba da saran maɓalli sau dubbai bayan an yanke hatsin ɗungum. A 1997 Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka bayyana wani ɓangare na dalili: ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da sinadarin dofamin sun fi zabura idan lada ya zo ba zato. Shi ya sa maharbin da ya kwana huɗu bai samu ko zomo ba yake komawa daji a rana ta biyar. Na uku shi ne iyakar ƙarfin horo. A 1944 William Estes ya nuna cewa ɓeran da aka hora da ɗan jan lantarki yakan daina danna ƙarfe na wani lokaci, amma in aka janye horon sai halin ya dawo. Bincike na baya ya nuna cewa horo yana aiki sosai idan ya zo nan take, ya zo kowane lokaci, kuma akwai wata hanyar halal ta samun abin da ake nema.

To, mai karatu, mu auna Falgore da wannan ma'auni. Mutumin da ya sare marke ko ƙirya ya ƙona gawayi, kuɗinsa na hannunsa cikin 'yan kwanaki a bakin hanyar Kano zuwa Jos. Makiyayin da ya cinna wa daji wuta da kaka yana ganin sabon tsiro cikin makonni. Wannan lada ne na kusa, kuma tabbatacce. Horon fa? Daji mai faɗin haka ba ya tsaruwa ko'ina a lokaci guda, don haka mai sara zai shiga sau da yawa kafin a kama shi sau ɗaya. In an kama shi, hukunci yakan zo bayan makonni ko watanni. In kuwa ya sami wanda zai miƙa wa ɗan wani abu a sake shi, to an koya wa mutum biyu darasi a lokaci guda: shi ya koyi cewa kuɗi na ɗauke wahala, mai karɓa kuma ya sami ladan kau da kai. Shi kuwa mutumin ƙauyen da ya bar itace a tsaye, me ya samu? Ladansa shi ne ruwa a Tiga bayan shekara ashirin, ruwan da wani ne zai yi ban-ruwa da shi. Da irin wannan lissafi, ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya ɗauki gatari.

Duk lokacin da aka ta da zancen, abin da aka fi ji shi ne a tsananta hukunci. Ra'ayina shi ne tsanani ba tare da tabbas ba mutum-mutumi ne da aka ƙara wa tsawo. Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya yi nuni da cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa hana laifi. Ƙaramar tara da ba ta kuskure ta fi ɗaurin shekara biyar da ba ya hawa kan kowa.

Akwai darasi a maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, tsohuwar dokar daji ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har waɗanda ke cikin gonar mutum, kuma manomi na iya shan tara don ya sare reshe. Sakamakon haka manoma da yawa suka riƙa tumɓuke tsiron itace tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu ma'aikatan gandun daji. Horon da aka yi don kare itace shi ya koya wa mutane ƙin itace. Daga 1983, a jihar Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka fara renon tohon kututture a gonaki, abin da ake kira sassaben zamani. Da manoma suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, su yi makamashi da rassansa, su ciyar da dabbobi, su sayar, sai al'amarin ya bazu, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙara wa haƙƙinsu ƙarfi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mutanen nan Hausawa ne irinmu, halinsu bai sauya ba. Wanda ke cin ladan ne ya sauya.

Na san za a ce Falgore ba gona ba ce, kuma akwai masu laifin da ba a lallashinsu. Gaskiya ne. Ɓarayin shanun da suka addabi yankin wajejen 2015, har rundunar soja ta mai da dajin filin atisaye a 2017, maganinsu ƙarfin hukuma ne. Amma mai gawayi da mai neman zuma da makiyayi talakawa ne masu neman abin sawa a baka, kuma su ne mafi yawa. Su ya kamata a buɗe wa hanyar halal: a ba ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa izinin rataya amya da tsintar ɗorawa da kaɗanya a keɓaɓɓun wurare, bisa sharaɗin cewa in wuta ta ci yankinsu izinin shekara ya faɗi, a ɗauki maharba aikin gadi, a biya su a kan kari, domin albashin da ya makara lada ne da ya rasa ƙarfinsa, a taimaki manoma su rena itacen girki a gonakinsu.

Sai dai a yi hattara wajen zaɓen abin da za a saka wa. A 1902 Faransawa a birnin Hanoi sun sa tukwici a kan kowace wutsiyar ɓera, sai mutane suka riƙa yanke wutsiya suna sakin ɓeran, wasu ma suka shiga kiwonsa. Haka nan in aka biya mutum don ya dasa itace, dashe za a samu, a yi hoto a watse. A biya shi a kan itacen da ya shekara uku a raye.

A Hausa kalmar horo tana nufin hukunci, tana kuma nufin tarbiyya. Mun riƙe ma'ana ta farko da ƙarfi a sha'anin dazuzzukanmu, mun saki ta biyu. Ina kira ga hukumomin Jihar Kano da masu unguwanni da dagatan yankin da su zauna da mutanen bakin daji, su tsara yadda wanda ya bar itace a tsaye zai ga amfaninsa a wannan daminar. Allah Ya sa mu dace.