Sunan da aka “gyara” shaida ce da aka goge

Ba'amurken da ake kira Greenwood, idan ya tashi neman asalinsa, yana iya shekara guda yana tonon rajistocin Ingila bai gamu da kakansa ba, domin kakan Boisvert ne daga Kebek. Tsakanin 1840 da 1930, masu jin Faransanci kusan 900,000 suka bar Kanada zuwa masaƙun arewa maso gabashin Amurka, sunayensu kuma suka sauya a hanya. An fassara wasu: Roy ya zama King, Leblanc ya zama White. Wasu kuwa akawu ya rubuta su yadda kunnensa ya ji, Benoît ya koma Benway, Gauthier ya koma Gokey.

Masu tsara salsalar dangi sukan ɗauki wannan a matsayin kuskuren akawu, su mayar da kowane suna ga siffa guda da suke gani ita ce daidai. Nan ne ya kamata masu nazarin harshe su ja da su. Benway yana nuna cewa mai sunan ba ya furta ƙarshensa da “wa” irin ta Faransancin Paris na yau, da “we” yake furtawa, kamar yadda aka daɗe ana yi a Kebek. Akawun da bai iya Faransanci ba ya adana lafazin da rubutun Faransanci ya ɓoye. Wanda ya goge Benway ya goge wannan shaida.

Batun ya fi zurfi a cikin Kanada kanta, saboda al'adar laƙabin “dit”, wato “wanda ake ce wa”. Rundunar Carignan-Salières ta sauka a 1665 da soja wajen 1,200, kimanin 400 suka zauna. A sojan Faransa na lokacin, kurtu yakan sami sunan yaƙi: Lafleur, Jolicoeur, Sansregret, Vadeboncoeur. Fararen hula ma suna da nasu, daga garin asali, ko sana'a, ko wurin da gonar mutum take. Haka aka sami Hudon dit Beaulieu da Miville dit Deschênes. Abin da ya rikita lamarin shi ne laƙabin yana bin gado. Limamin coci ya rubuta uba da suna ɗaya ranar aurensa, ya rubuta shi da ɗayan ranar baftismar ɗansa, har jikoki suka rabu, wasu Hudon wasu Beaulieu, alhali tsatsonsu ɗaya. Ga kuma ɗabi'ar sa wa maza da yawa Joseph, mata kuma Marie, a gaban sunan da ake kiransu da shi. Da wannan yawan takwarori, laƙabi ne yake bambance gida da gida.

Ɗalibin Nijar ba baƙo ba ne ga kalmar. Ana ganin “dit” a takardun hukuma a nan, tana haɗa sunan yanka da sunan da gari ya sani, irin su Dogo ko Tanko.

Masu daidaita sunaye suna da hujja, ba a musu. Ba a iya bincike cikin dubban rajistoci sai an tara siffofin suna a ƙarƙashin guda, kuma aikin Cyprien Tanguay mai mujalladi 7 (1871 zuwa 1890) da na shirin PRDH na Jami'ar Montréal sun tsaya ne a kan haɗa mutum guda da rubuce-rubucen sunansa daban-daban. Amma daidaitawa makulli ce ta nema kawai. Ya kamata siffar da aka tarar a takarda ta zauna kusa da ita, da shekararta, da garinta, da harshen wanda ya rubuta.

Mata ne suka fi sauƙin bi. Rajistocin cocin Katolika na Kebek suna rubuta mace da sunan gidan ubanta ko bayan aure, shi ya sa ake iya bin zuriyar ƴan matan nan kimanin 800 da sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin tafiyarsu tsakanin 1663 da 1673, daga uwa zuwa ƴa, har yau.