Jin Sauƙi Daban, Warkewa Daban

 Akwai wata magana da muke yawan ji a ɗakin duba marasa lafiya: "Ai na ji sauƙi ne, shi ya sa na ajiye maganin." Mai faɗin haka ba raina likita ya yi ba. A ganinsa tunda ciwo ya lafa, magani ya gama aikinsa. To amma akwai cututtukan da wannan lafawar ce tarkonsu.

Mu ɗauki tarin fuka, wato tibi. Maganinsa wata 6 ne cur, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin da gwamnati ta ware. A wata 2 na farko ana haɗa magunguna iri 4, a wata 4 na baya kuma iri 2. Cikin 'yan makonni tari zai ragu, zazzaɓi da gumin dare su tafi, mutum ya fara cin tuwo har ya nemi ƙari. A nan ne wasu ke tattara kaya su tafi ci-rani, su bar katin asibiti a ƙarƙashin katifa. Abin da ba su sani ba, ƙwayoyin cutar da suka fi saurin mutuwa ne suka mutu. Masu taurin kai suna nan a laɓe cikin huhu, kuma dominsu aka tsawaita maganin. Idan aka yi ta sha ana bari, ciwon na iya dawowa da nau'in da ba ya jin maganin farko, sai an koma wasu magunguna masu wahalar sha. Kafin a kai nan kuwa, maigida ya yi ta tari a ɗakin da matarsa da yara ke kwana.

Hawan jini kuma nasa salon daban ne. Yawanci ba ya warkewa, riƙe shi ake yi. Idan awo ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, ƙwayar da kike sha ce ta danne shi, in kika bari zai koma inda ya fito. Sau da yawa ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza. Nakan ji mata na cewa ɓacin ran abokiyar zama ne ya jawo musu, yanzu kuwa sun shirya. Madalla da shiri, amma jijiyoyin jini ba su halarci zaman sulhun ba.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke da wannan hali. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003, ta ce ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwon da ke daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu.

Ni a wurina, bin shawarar likita ya wuce a ce "to" a sunkuyar da kai a fita. Babban ɓangarensa shi ne faɗin gaskiya. Idan kin yi kwana 10 ba ki sha ba, kika ce mana kina sha, likita zai ga awo a sama ya zaci maganin ya yi kaɗan. Sai ya ƙara ƙarfinsa. Ranar da kika sha duka, jini ya faɗi ƙasa, jiri ya kwashe ki a bakin murhu. Idan kuɗi ne ya gagara, ku faɗa, sau da yawa akwai wani mai rahusa da zai yi aikin. Idan kuna haɗawa da jiƙo ko sassaƙe, shi ma ku faɗa, don hanta da ƙodar da za su tace ƙwaya su ne za su tace jiƙon.

Haka nan idan maganin ne ke damun ku. Rifampicin na tibi yana mayar da fitsari ja-ja, har da gumi da hawaye, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan farin ido ya koma rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a garzayo asibiti a ranar. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, don haka mai shan ta ta sanar tun ranar farko. Amlodipine na iya kumbura ƙafa, lisinopril na iya kawo busasshen tari. Magidanta kuma, wasunku sun ajiye magani saboda abin da suke jin nauyin faɗa a gaban ma'aikaciya mace. Ku nemi ganin likita namiji, ana iya canza muku wani.

Mu ma ma'aikata da namu kason. Layi ya yi tsawo, an gaji, sai a rubuta "sau 3 a rana" a miƙa, ba a bayyana cewa ana nufin duk bayan kimanin awa 8 ba. Wani kuma ya yi wa mara lafiya tsawa a gaban jama'a, gobe ko da kuɗi ba zai faɗi gaskiya ba. Wannan ba daidai ba ne, kuma haƙƙinku ne ku yi tambaya har ku gane.

Kafin ku tashi daga gaban likita, ku tabbata kun san aikin kowane magani, da lokacin shan sa, da ranar da za a daina ko kuma in na dindindin ne. Masu ciwon suga da hawan jini su zo tun cikin Sha'aban a daidaita musu lokutan sha, kada su sauya da kansu idan azumi ya kama. Ranar komawa asibiti kuma, a zuba duk kwalayen magani a leda a taho da su, har da waɗanda ba a taɓa ba.