Amurka: Baki ne ke yanka wuyan masu barkwanci, ko hannun gwamnati?

A ranar 17 ga Satumbar 2025, gidan talabijin na ABC ya dakatar da shirin Jimmy Kimmel, ɗaya daga cikin fitattun masu barkwanci a Amurka. Dalili shi ne kalamansa kan kisan Charlie Kirk, ɗan gwagwarmayar masu ra'ayin riƙau da aka harbe a wata jami'a a jihar Utah mako guda kafin nan. Kimmel ya zargi magoya bayan Shugaba Donald Trump da neman cin ribar siyasa da kisan.

Ba yau farau ba. A 2017 CNN ta raba gari da Kathy Griffin bayan ta ɗauki hoto riƙe da mutum-mutumin kan Trump jina-jina. A 2018 ABC ta soke shirin Roseanne Barr, mai goyon bayan Trump, saboda saƙon wariyar launin fata da ta wallafa kan Valerie Jarrett, tsohuwar mai ba Barack Obama shawara. A 2021 kuma kamfanin Lucasfilm ya sallami Gina Carano daga fim ɗin The Mandalorian, bayan ta kwatanta ƙiyayyar siyasa da abin da Yahudawa suka fuskanta a Jamus zamanin 'yan Nazi.

Kowane ɓangare dai yana kukan an tauye 'yancin magana idan nasa aka kora, ya tafa idan na abokin hamayya ne. Shi ya sa wasu ke cewa Amurkawa sun cika saurin fushi.

Sai dai batun Kimmel ya sha bamban. Sa'o'i kaɗan kafin dakatarwar, Brendan Carr, shugaban hukumar FCC mai ba tashoshin talabijin lasisi, ya gargaɗi tashoshin cewa hukumarsa za ta iya ɗaukar mataki. Nan da nan kamfanonin Nexstar da Sinclair, masu tashoshi da dama da ke watsa shirye-shiryen ABC, suka daina nuna shirin. A lokacin, Nexstar na jiran amincewar FCC don sayen kamfanin Tegna kan dala biliyan 6.2.

A nan gizo ke saƙa. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati hukunta mutum kan maganarsa, amma bai hana kamfani sallamar ma'aikacinsa ba. To idan gwamnati ce ta matsa, kamfani ya aiwatar fa? Har Sanata Ted Cruz na jam'iyyar Republican, wanda ba masoyin Kimmel ba ne, ya kwatanta barazanar Carr da halin 'yan mafiya, yana gargaɗin cewa gobe 'yan Democrat za su juya makamin kan masu ra'ayin riƙau.

Bayan mutane sun fara soke rajistarsu ta Disney+, mallakar kamfanin da ya mallaki ABC, shirin ya dawo ranar 23 ga Satumba, inda sama da mutum miliyan 6 suka kalla.

Fushin jama'a na da magani: wanda bai so ya canza tasha. Amma idan mai riƙe da lasisi ne ya ji haushi, sauran masu barkwanci za su fara tauna maganarsu tun kafin a ce musu uffan.