A Duba Taswira Kafin a Haƙa Rijiya

Sau da yawa attajiri yakan fid da dukiya don ya haƙa wa jama'a rijiya, a yi ta tono har kuɗi su ƙare, ba a tarad da ruwa ba. Rashin tambaya ne ke jawo wannan hasara, gama akwai waɗanda aikinsu ke nan, sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

A shekarar 1919 aka kafa ma'aikatar binciken ƙasa da duwatsu ta Nijeriya. Aikinta a ƙasar Barno ya isa misali. Ma'aikata suka auna, suka zana taswira, suka tarar rairayi da yumɓun wurin ba su kai duwatsun Kano da Zariya daɗewa ba, Tafkin Cadi da kogunansa ne suka shimfiɗa su. Tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓar tafkin ce. Ruwan ƙasa kuwa hawa uku ne, yumɓu ya raba tsakaninsu. Da aka huda na tsakiya a ƙarshen shekarun 1950, sai ruwa ya ɓulɓulo da kansa, ba guga ba igiya.

Amma an bar rijiyoyi da yawa suna kwarara dare da rana, har ƙarfin ruwan ya ragu. Saboda haka ya wajaba hukuma ta sake awo, ta buga taswirorin da Hausa da Kanuri, boko da ajami. Malamai kuma, da yake su ake fara nema da shawara, su riƙa ce wa mai niyyar haƙa ya nemi taswira tukuna.