Ruwan Banki da Ruwan Kogi

Ran Talata 19 ga watan Yuli na 2022 ma'aunin zafi ya nuna digiri 40.3 a wani ƙauye da ake kira Coningsby a ƙasar Ingila. Tun da aka fara ajiye lissafin yanayi a ƙasar ba a taɓa ganin ya kai 40 ba. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri in ya ji wannan labari sai ya yi murmushi, gama abin da yake sha ke nan kowace bazara, ya kuwa ci kasuwarsa ya dawo gida lafiya. Amma Ingila ƙasa ce da aka gina domin sanyi, gidajenta an yi su ne don su riƙe ɗumi. Ƙarafan dogo suka lanƙwashe, aka soke tafiye-tafiyen jiragen ƙasa, zafi ya lalata kwaltar filin jirgin sama na Luton. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa mutum fiye da 61,000 zafin wannan shekara ya hallaka a Turai.

Bayan kwana biyu, watau ran Alhamis, shugabannin Babban Bankin Turai suka taru a birnin Frankfurt na Jamus, a ƙarƙashin shugabarsu Christine Lagarde, suka ƙara kuɗin ruwa. Rabonsu da yin haka shekara 11. Tun cikin watan Yuni sun shaida wa duniya cewa rubu'in kashi ɗaya bisa ɗari za su ƙara, 'yan kasuwa suka yi lissafinsu a kan haka. Da ranar ta zo sai suka ƙara rabi. Dalili kuwa tsadar kaya ta kai kashi 8.6 bisa ɗari a ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro, shi kuma yuron ya faɗi har ya zo kunnen doki da dalar Amurka, abin da aka yi shekara 20 ba a gani ba.

Yana da kyau mai karatu ya gane abin da ya sa attajirai ke kasa kunne ga irin wannan taro. Babban banki shi ke yanka ruwan da sauran bankuna za su biya in sun karɓi rance a wurinsa, su kuma su ɗora nasu a kai. In ruwan ya hau, bashi ya yi tsada, mai masana'anta ya fasa faɗaɗa aikinsa, mai son gina gida ya dakata, ciniki ya ja baya, farashi ya lafa. Mai kuɗi kuma ya ga ba dalilin da zai kai dukiyarsa kasuwar hannun jari inda ake ci ake faɗuwa, alhali takardun bashin gwamnati na biyansa yana kwance. Saboda haka hannun jari kan faɗi. Sai dai kasuwa ba ta jiran a yanke hukunci. Kamar dillalan hatsi na Dawanau ne, waɗanda kan sassauta farashin gero da zarar sun ga damina ta yi kyau, tun ba a kai ga girbi ba. Zato ake saye, zato ake sayarwa.

An ga wannan ƙarara a Amurka a wannan shekara. Daga Janairu zuwa Yuni ma'aunin hannun jarin manyan kamfanoni 500 na ƙasar ya faɗi da fiye da kashi 20 bisa ɗari, faɗuwar da ba a ga irinta a farkon shekara ba tun 1970. Tsadar kaya ta kai kashi 9.1 a watan Yuni. Babban bankinsu ya ƙara ruwa da kashi uku cikin huɗu na kashi ɗaya a Yuni, ya sake maimaitawa a Yuli. Duk da haka cikin watan Yulin kasuwa ta tashi da kashi 9, don kawai 'yan kasuwa sun raya a ransu cewa bankin ya kusa gajiya. Ran Jumma'a 26 ga Agusta shugaban bankin, Jerome Powell, ya yi jawabin da bai kai minti goma ba a wani wuri mai suna Jackson Hole, ya nuna ba gudu ba ja da baya ko da jama'a za su ji jiki. Kafin a tashi kasuwa ran nan ma'aunin Dow Jones ya zubar da maki fiye da 1,000.

To, ina ruwan zafin rana da wannan? Amsar tana kogin Rhine, wanda shi ne babbar hanyar dakon kayan masana'antun Jamus. A wani gari da ake kira Kaub akwai ma'aunin da matuƙan jiragen dako ke dubawa kafin su yi lodi. Tsakiyar Agusta ya sauka zuwa wajen santimita 30. Jirage suka koma ɗaukar rubu'i ko sulusin kayansu don kada su kafe, kuɗin dako ya ninka. Abin ya zo ne daidai lokacin da Rasha ke rage iskar gas da take tura wa Jamus saboda yaƙin Yukren, Jamus kuma ta koma neman kwal don tashoshin lantarki, kwal ɗin kuwa ta kogin nan yake bi. A Faransa ruwan kogunan da ke sanyaya tashoshin nukiliya ya yi ɗumi, dole aka rage aikin waɗansu, ga shi da yawa daga cikinsu suna rufe ana gyara. A Italiya kogin Po ya janye irin janyewar da aka yi shekara 70 ba a gani ba, shinkafa da masara suka ƙone a gona. A Sifen man zaitun da aka samu a kakar da ta biyo baya bai kai rabin na kakar da ta gabata ba.

Nan gizo ke saƙar. Maganin da ke hannun babban banki na cutar yawan kuɗi ne, watau sa'ad da kuɗi suka yi yawa a hannun jama'a suna farautar kaya. In kuwa kayan ne suka yi ƙaranci saboda fari, banki yana iya ƙara ruwa a kan bashi iyakar son ransa, kogi ba zai ƙaru da taƙi ɗaya ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya matse aljihun mutane har su rage saye, ya kuma hana su sa rai cewa tsadar ta zo zama. Wani bincike da masanan bankin Turai suka yi tare da cibiyar nazarin yanayi ta Potsdam, aka buga a 2024, ya nuna zafin 2022 kaɗai ya ƙara wa tsadar abinci a Turai wajen kashi biyu cikin uku na kashi ɗaya bisa ɗari. Da ji kamar kaɗan ne, amma ga bankin da aka ɗora wa nauyin tsare tsada a kashi 2, ba abin rainawa ba ne. Tsadar ta ci gaba har ta kai kashi 10.6 a Oktoba, bankin kuma bai daina ƙari ba sai Satumba na 2023.

Ran Talatar nan da Ingila ke gasuwa, Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya ɗaga ruwansa daga kashi 13 zuwa 14. Ba shi da zaɓi mai yawa, gama in Amurka ta ƙara ruwa dala kan gudu gida, naira ta yi rauni, alkama da man da ake shigowa da su su yi tsada. A nan kuwa ambaliya ce ta zo maimakon fari. Cikin Satumba da Oktoba ruwa ya ci gonaki, ya kashe mutum fiye da 600, ya datse hanyar Lokoja, motocin abinci da tankokin mai suka yi kwana da kwanaki a tsaye. Bankin ya ƙara zuwa 15.5 a Satumba, ya kai 16.5 a Nuwamba, tsadar kaya kuwa a watan ta haura kashi 21.