Tsarabar allo babu rubutu

Tun da ƙanwata ta tafi Ingila aikin jinya a shekarar 2019, ita da maigidanta da 'ya'yansu biyu, tsarabar da muke aika musu ba ta wuce wadda kowa ya sani ba: yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da turaren wuta, sai kuma atamfa idan Sallah ta matso. Kilishi ma mun daina sa shi cikin kaya, domin dokar ƙasar ta hana matafiyi shiga da nama daga irin ƙasashenmu. Su kuma idan sun tashi aiko mana, waya ce ko agogo ko takalma. Ban taɓa ganin aibin wannan al'ada ba sai wata rana a ƙarshen shekarar 2024, da na buga musu waya muka gaisa, na ce a ba ni babbar 'yar, wadda ta bar Kano tana da shekara 5, kuma sunan mahaifiyarmu ta ci. Na ce, "Uwata, ina gajiya?" Ta yi jim, sannan ta amsa mini cikin ladabi ƙwarai, amma da Turanci. A daren nan na kwana ina tunani, ashe shekara biyar muna ciyar da cikin yarinyar nan da abincin gida, amma ba wanda ya tuna da harshenta.

Da na yi wa uwarta ƙorafi sai ta ce, "Yaya, ai tana jin Hausar, mayarwa ce ba ta iya ba. Amma fa akwai ta da son karatu, littafi ba ya kwana biyu a hannunta." Wannan magana ce ta sa na ƙudurta saya mata na'urar karanta littattafai, irin su Kindle da Kobo. Ga wanda bai san ta ba, wani ɗan allo ne da bai kai littafin rubutun 'yan firamare girma ba, fuskarsa kamar takarda, ba ya ƙyalli a ido kamar waya, cajinsa kan yi makonni, kuma yana ɗaukar dubban littattafai. Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle ta farko a Amurka cikin watan Nuwamba na 2007 a kan dala 399, sai a 2009 aka fara sayar da ita ga sauran ƙasashe. Na ce a raina, ga shi an huta da kuɗin awon kaya a filin jirgi, an huta da neman wurin ajiye littattafai a ɗan ƙaramin gidan haya. Zan ɗora wa yarinya duk abin da na karanta ina yaro, daga Ruwan Bagaja har Magana Jari Ce, in miƙa mata Zariya da Kano a tafin hannu.

Abin da na fara koya shi ne, wannan ba irin kyautar da ake saya a nan a ba matafiyi ba ce. Na'urar tana tafiya ne da rajistar mai ita, rajistar kuma tana ɗaure da ƙasar da mutum yake zaune, domin masu ɗab'i kan sayar da haƙƙin littafi ƙasa-ƙasa, ta yadda littafin da ke kanti a wata ƙasa ba lallai ne a same shi a wata ba. Haka kuma ɗakunan karatu na gwamnati a Ingila suna ba da aron littattafan lantarki kyauta, amma ba kowace na'ura ke karɓar aron ba. Alal misali, tura littafin aro daga manhajar Libby zuwa Kindle a Amurka kaɗai yake aiki. Saboda haka shawarata ga duk mai irin wannan niyya ita ce ya tambayi mutanensa wadda ta dace da inda suke, ya tura kuɗi su saya a can, su yi rajista da sunansu. Haka na yi, aka saya, yarinya ta yi murna.

To, a nan ne fa gizo ya yi saƙa. Da muka shiga kantin littattafan da ke cikin na'urar muna neman na Hausa, abin da muka tarar bai taka kara ya karya ba: 'yan littattafan koyon harshe da aka rubuta domin baƙi, da wasu ƙamusoshi, da fassarori masu kama da aikin inji. Littattafan da na ci buri a kansu ban samu ko ɗaya ba. Na sayi allo mai tsada, amma babu rubutun da zan ɗora a kai, kuma kowane almajiri ya san allon da ba rubutu katako ne kawai. Mafi muni ma, kantin cike yake maƙil da littattafan yara na Turanci, wato da hannuna na ƙara wa yarinya abin da nake gudu.

Abin tambaya a nan shi ne, laifin wa? Ni dai ban ga na masu ƙera na'ura ba, domin ɗan kasuwa abin da aka kawo masa yake kasawa. Laifin namu ne. Harshen da ya samu gasar ƙagaggun labarai tun 1933 a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Harshen da ya samu jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Harshen da marubutan Kano, musamman mata, suka cika kasuwa da littattafansa tun daga shekarun 1980, bai kamata a neme shi a rasa a inda duniya ke sayen littafi yau ba. Abin kunya ne a ce littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, ya samu fassarar Turanci daga wani kamfanin ƙasar Indiya a 2012, alhali jikan Bahaushe da ke waje bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya sayi na asalin ba.

Na san wani zai ce ai littattafan suna nan birjik a waya, ana ta tura su kyauta. Gaskiya ne, ni ma wani aboki ya turo mini tari guda. Sai dai akwai matsala biyu. Ta farko, yawancinsu hoton shafuka ne aka ɗauka aka haɗa, ba a iya ƙara girman rubutun yadda ya kamata, a ƙaramin allo kuwa sai ido ya raina fata. Waɗanda aka sake bugawa kuma an zubar da ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, to yaya yarinyar da ke koyo za ta bambance kafa da ƙafa, ko dauka da ɗauka? Ta biyu, kuma mafi girma, kayan sata ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan ayyukansa suna da masu su har zuwa 2051. Ban ga yadda zan koya wa 'yata harshen iyayenta da abin da aka ƙwace wa magadan wani ba.

Wani kuma zai ce a zuba komai a rumbun manyan kamfanonin waje a huta. Wannan ma sai an yi hattara, domin masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya biya kuɗin littafin lantarki a irin waɗannan kantuna izinin karantawa ya saya, ba littafin ba. A watan Yulin 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, saboda wanda ya kasa shi ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar musu da kuɗinsu, shugaban kamfanin ya nemi afuwa, amma darasin ya zauna. Ko a gida, dandalin OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da labaransu, ya rufe a ƙarshen 2023. Rumbun da ba naka ba, ranar da mai shi ya ga dama zai ɗinke bakinsa.

Don haka kirana ga kamfanonin ɗab'inmu, da magadan manyan marubuta, da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙungiyoyin marubuta, shi ne su zauna su fitar da waɗannan littattafai a tsarin EPUB, wanda kusan kowace na'ura ke karɓa, da ingantaccen rubutu mai ƙugiya, da farashi sananne, da hanyar biya daga waje, su kuma riƙe asalin a hannunsu. Aikin ba na biliyoyi ba ne. Mai buga rubutu ne, da mai tacewa, da yarjejeniya ta gaskiya da masu haƙƙi. Kasuwa kuwa tana nan: Hausawan da ke Ingila da Amurka da Saudiyya, da na Zangon Kumasi da na Sudan, akwai iyaye da yawa cikinsu da ke da irin damuwar ƙanwata, kuma a shirye suke su biya.

Kafin a kai ga haka, ga abin da na yi. Magana Jari Ce na saya na takarda, juzu'i uku, na ba matafiyi. Na nemi wasu marubuta biyu na biya su kai tsaye, suka ba ni labaransu da izininsu. Sannan na yi makonni ina zama gaban mahaifiyarmu bayan sallar isha'i, tana ba ni tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ina rubutawa, wani ɗan yayana ya mayar da su littafin lantarki muka tura. Bayan wata guda waya ta yi ƙara, na ɗauka sai na ji 'yar murya tana cewa, "Kawu, ina wuni? Mene ne ƙurunƙus?" Ban ce ta zama Bahaushiyar Kurmi ba, har yanzu rabin zancenta Turanci ne, amma ta yi tambaya, kuma da Hausa ta yi ta.

Saboda haka, duk mai ɗan'uwa a waje da ke tunanin irin wannan kyauta, ina ƙarfafa masa guiwa ya yi, ta fi agogo da turare amfani. Amma ya sani cewa sayen allon shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, rubutun da za a ɗora a kai yana wuyansa, yana kuma wuyanmu baki ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran nan kuwa ba za su tsaya jiran mu gama shawara ba. Allah Ya sa mu farga.